Canjin maganin zuciya a gidan wani ɗan kasuwar albasa a Tawa

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar albasa ne a garin Tawa, shekarunsa sun doshi sittin. Alhaji kawai za mu kira shi. Yana sayen albasa a Galmi da gonakin wajen Madawa, ya cika manyan motoci ya tura Abijan da Akara, kuma kamar yawancin Adarawa sa'o'insa, rabin ƙuruciyarsa a bakin teku ya yi ta wajen bida. Ya fi shekara goma da sanin yana da tansiyo, wato hawan jini. Tun lokacin aka rubuta masa captopril sau uku a rana, amma shan ganin dama yake yi masa: in kai ya sara ya haɗiya, in ya lafa ya ajiye. Akwai kuma wani busasshen tari da ya daɗe yana damunsa, wanda ya ɗora wa ƙurar hanya da iskar hunturu.

A ƙarshen daminar 2024 ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Numfashi ya fara yanke masa tsakanin gida da masallaci. Da dare sai an tara masa matasai uku kafin ya iya kishingiɗa, daga baya ma a zaune yake kwana, jingine da bango. An kwantar da shi ƴan kwanaki a Tawa aka janye ruwan da allura, sannan aka tura shi Yamai wajen likitan zuciya, tafiyar sama da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Hoton zuciya ya nuna ta buɗe ta yi laushi: a kowace bugawa kusan kashi 30 cikin ɗari na jinin da ke cikinta take iya turawa, alhali lafiyayya tana tura sama da 50. Hawan jinin da aka yi shekaru ana wasa da shi ne ya gajiyar da ita. Ba a kansa aka fara ba. Wani bincike da aka fitar a 2012, wanda ya haɗa marasa lafiya 1,006 a ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara, ya samu hawan jini ne kan gaba wajen kawo gazawar zuciya, kuma matsakaicin shekarun masu ciwon 52 ne, wato mutane ne masu ciyar da gida.

Abin da aka canza

Likitan Yamai ya soke captopril gaba ɗaya. Shi ne ke kawo tarin nan, domin magungunan danginsa suna sa wani sinadari ya taru a hanyar numfashi ya riƙa sosa maƙogwaro. Kuma mutumin da ke yini a hanya ba zai riƙe sha uku a rana ba. A madadinsa aka sa losartan miligiram 50, sau ɗaya a rana. Aka ƙara furosemide miligiram 40 da safe, wanda kowa a nan ya fi sani da Lasilix ko maganin fitsari, da spironolactone, wani maganin fitsari mai sauƙi da ke kare zuciya, miligiram 25. Na huɗu bisoprolol ne, mai rage saurin bugun zuciya: a fara da miligiram 1.25, a riƙa ninkawa duk mako biyu in jiki ya ɗauka, har a kai 10 in hali ya yi. An yi maganar dapagliflozin, wanda ƙa'idojin likitocin zuciya na Turai na 2021 suka sa cikin ginshiƙan maganin wannan ciwo, amma da aka yi lissafin kuɗinsa na wata-wata sai aka jinkirta.

Ordonansin ba shi da aibu. Bayani ne ya yi ƙaranci. An ga likita cikin cunkoso, an yi maganar da Faransanci da babban ɗan Alhaji, shi kuma ɗan hankalinsa na kan farmasin da za a samu magungunan duka kafin motar asuba ta tashi. Suka dawo Tawa da leda cike da kwalaye da wata takarda mai cewa a auna jini bayan mako biyu. Takardar ta shige aljihun babbar riga, ba a sake ganinta ba sai wajen wanki.

Makonni shida na farko

Lasilix ya burge Alhaji tun ranar farko. Ya sha da safe, kafin hantsi ya zaga sau biyar, kafin mako ya zagayo ya ga idon sawunsa. Bisoprolol kuwa ƙwayar 2.5 aka samu, sai ɗan ya riƙa raba ta biyu da reza, ɓarin da bai fi ƙwayar dawa ba. Alhaji ya raina ta tun daga kallo. Da aka ninka ta bayan mako biyu sai kasala ta sauko masa, gaɓoɓi suka yi nauyi, ga jiri duk sa'ad da ya ɗago daga ruku'u ko ya miƙe daga sujada. Wata Magariba ya yi luu zai faɗi, sai da na kusa da shi a sahu ya tare shi. Daren nan aka yanke hukunci a fada, ana zagaya shayi: sabon maganin nan ya fi ƙarfin jininsa. Ya yanke bisoprolol lokaci guda bai gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu zuciya ta kama dukan uku-uku ko yana zaune.

Lasilix ɗin da yake yabo ma ba kullum yake sha ba. Ranar da zai tafi Galmi yana tsallakewa, don ba direban da zai tsaya wa mutum sau biyar tsakanin Tawa da Galmi. Ranar Juma'a ma haka, kada alwala ta gagare shi liman na kan mumbari. A mako guda sai a samu kwana uku ba maganin fitsari, kumburi ya fara dawowa. Tarin kuma bai tafi ba, abin da ya kamata ya ja hankali tun da wuri.

A tsakiyar Nuwamba ɗan ya kawo shi ɗakin awo inda nake aikin jinya. Tansiyonsa a kwance 11 da 7, da ya miƙe tsaye sai na sama ya faɗo ƙasa da 9. Bugun zuciya ya haura 100 a minti. Awon jini ya nuna potasiyom, wani sinadari da ke cikin jini, ya kai 5.8, alhali daidai shi ne tsakanin 3.5 da 5, kuma awon ƙoda ya nuna ta fara wahala.

Leda a kan tebur

Muka ce wa ɗan ya koma gida a kabu-kabu ya kwaso duk abin da ake kira magani a ɗakin mahaifinsa, har wanda ke ƙarƙashin katifa. Ya dawo da leda biyu ya zazzage. Ga sababbin huɗun. Ga captopril kwali biyu da rabi, ɗaya a buɗe, takardar ƙwayoyin ta kusa ƙarewa. Ga diclofenac da aka saya wajen masu yawo da magani a tasha, don ciwon bayan da zaman mota ke jawowa. Ga farasitamol irin wanda ake jefawa a ruwa ya yi kumfa. Ga kuma wata gora da jiƙon sassaƙe, wadda wani abokin fada ya kawo.

Na ɗaga kwalin captopril na ce, "Baba Alhaji, wannan fa? Ba an ce a bar shi ba?"

Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Likita, ƙara mini magani aka yi. Ba wanda ya ce in zubar da abin da na saya da kuɗina. Kuma shi na sani, shekara goma muna tare."

Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Baba, an faɗa. Ni ne ban maimaita maka ba."

Daga nan komai ya fito fili. Captopril da losartan hanya ɗaya suke bi wajen sassauta jijiyoyin jini, ba a haɗa su. Da tsoron ciwo ya kama Alhaji sai ya fara shan tsohon maganin a kan kari, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara goma, ya ɗora a kan sabon. Mafi yawan jirin daga nan yake. Su biyun kuma, da spironolactone na uku, duk suna hana ƙoda fitar da potasiyom. Diclofenac ya zo ya rage jinin da ke shiga ƙodar, ya kuma sa jiki riƙe gishiri da ruwa. Haɗarin potasiyom shi ne ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, yana iya hargitsa bugun zuciya ya tsayar da ita mutum na tsakiyar ciniki. Awon da takardar aljihu ta nema don wannan ne.

A ganina tushen lamarin yana ga yadda majiyyaci ke auna darajar magani. Abin da ya gani da ido shi ne mai aiki. Lasilix yana fitar da ruwa, ƙafa ta saɓe, numfashi ya dawo, don haka shi ne sarki. Amma aikinsa sauƙaƙa wahala ne, ba a samu wani babban gwaji da ya nuna yana hana mutuwa daga wannan ciwo ba. Ƴar ƙwayar da Alhaji ya raina kuwa, a gwajin da aka fitar a 1999 kan mutum 2,647, ta rage mace-mace da kusan kashi 34 cikin ɗari. A 1999 ɗin dai kuma wani gwajin kan mutum 1,663 ya nuna spironolactone ya rage su da kashi 30. Matsalar bisoprolol ita ce a makonnin farko yana sa mutum ya ji kamar ciwon ya ƙaru, amfaninsa kuma sai bayan watanni, kuma ba amfani ba ne da ake ji a jiki. Ga yadda muka kwatanta wa Alhaji: jakin da ke jan amalanke ya gaji a hawa, jiki kuma sai zabga masa bulala yake yi. Maganin nan bulalar yake karɓewa. Tafiya za ta yi sanyi da farko, amma jakin zai kai gida. Ya yi shiru, sannan ya ce da an gaya masa kasalar za ta zo kuma za ta wuce, da ya daure.

Muka aika wa likitan Yamai sakamakon ta WhatsApp, ya ba da umarni. Captopril ya bar gidan a ranar, ɗan ya tafi da shi. Diclofenac da jiƙon sassaƙe aka hana, farasitamol na haɗiya aka bar masa don bayan, tunda mai kumfar cike yake da sinadarin gishiri. Aka dakatar da spironolactone, aka sake awo bayan mako guda, potasiyom ya sauko ƙasa da 5, aka mayar da shi da rabin ƙwaya. Bisoprolol sai da kumburi ya sauka aka sake farawa daga 1.25, domin ba a fara shi jiki na cike da ruwa, kamar yadda ba a yanke shi lokaci guda. Tarin ya ɓace kafin wata ya cika.

Gyaran yini

Sauran aikin ba na canza ƙwaya ba ne, na zama da Alhaji ne a bi yininsa daga asuba zuwa kwanciya. Furosemide yana fara aiki cikin awa guda, ya yi ƙarfi a awa na biyu, ya lafa bayan kamar awa shida. Da ya san haka sai matsalar Juma'a ta warware da kanta: ya sha da ya dawo daga sallar Asuba, kafin a kira sallar Juma'a ya gama zagayensa. Ranar tafiya kuma likita ya yarda ya jinkirta har ya sauka Galmi da rana, muddin bai kai La'asar ba, don kada ya kwana yana tashi. Aka mayar da losartan dare don kada magungunan su haɗu su kayar da tansiyo da safe. Aka koya masa in zai tashi daga kwance ya fara zama a bakin gado ya ɗan jima, in zai miƙe daga sujada kada ya yi zumbur. Limamin unguwa ya tabbatar masa cewa ranar da jiri ya yi yawa ya halatta ya yi salla a zaune. Sau biyu ko uku ya yi hakan, da ƙyar, don kunyar idon mutane.

Aka sayi sikeli na tsayawa. Ɗan kasuwar albasa ba ya buƙatar a koya masa darajar sikeli, wannan ɓangaren ya fi kowanne sauƙi. Kowace safiya bayan ya zaga, kafin ya karya, ya hau, wani jikansa ɗan lakkol ya rubuta a littafi. Ƙa'idar ita ce in ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ba ƙiba ba, a kira mu kafin ƙafa ta nuna. In kuma zawo ko amai ya kama shi, ko nauyi ya faɗi ga jiri, a kira kafin ya sha maganin fitsari na ranar.

Tukunyar Hajiya

Tun daga Yamai an ce a rage gishiri, kuma Hajiya ta bi umarni har ta wuce: ta cire shi ɗungurum daga miyar Alhaji. Da miya ta yi lami ya fara ture kwano, sai ta riƙa ƙara magi uku don ta yi daɗi. Ba ta san kusan rabin dunƙulen magi gishiri ba ne. Ga kanwa a miyar kuɓewa da wake, ga kunun kanwa da safe don an ce yana wanke ciki. Kanwa ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, amma sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki shi ne dai a cikinta. Alhaji kansa yana ƙunsa garin taba da kanwa a baki tun yana saurayi, kuma ba ya wuce mai kilishi a tasha. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma a cikin lissafin har da wanda ke ɓoye a magi da yaji da burodi.

Sai da muka nemi Hajiya ta zo da kanta. Ta zauna ta saurara, sannan ta ce, "To likita, in na cire gishiri na cire magi na cire kanwa, ruwan zafi zan ba shi?" Tambaya ce mai kyau. Aka tsaya a kan ɗan gishiri kaɗan da ake aunawa da cokali, magi rabi, daddawa da citta da tafarnuwa da albasa mai yawa, wadda dai ba a rasa ta a gidan. Aka kuma gargaɗe ta kan gishirin masu tansiyo da ake sayarwa a wasu kantuna, domin da potasiyom ake yin sa, ga mai shan losartan da spironolactone kuwa guba ne. Tukunya biyu ba ta ɗore ba, aiki ya yi wa mata yawa. A ƙarshe gidan duka aka rage wa, yara suka yi ƙorafi mako biyu suka saba. Tabar dai har yau ba a rabu da ita ba, ya rage ne kawai.

Azumi

Ramadan na 2025 ya kama a farkon Maris, daidai lokacin da zafi ke tasowa a Adar kuma albasa ke fitowa daga gona. Likita ya ce bana kada ya yi, domin zuciyar ba ta daidaita ba, ana kan ƙara bisoprolol, kuma yini ba ruwa a irin wannan zafi tare da maganin fitsari da losartan yana iya durƙusar da ƙoda. Alhaji ya ce ya ji. Ya ɗauki azumi abinsa.

Da muka gane ba zai bari ba, sai aka nemi rage ɓarna: bisoprolol da sahur, losartan da dare, maganin fitsari bayan buɗa baki, dabino uku kawai saboda potasiyom, ba tafiya Galmi, ɗan ya je. Maganin fitsarin ya hana shi tsayawa tarawihi har ƙarshe. A cikin mako na biyu ya zube a rumfarsa bayan Azahar, tansiyo ya faɗi, harshe ya bushe, awon ƙoda ya sake hawa. Liman ne ya zo har gida ya zauna da shi, ya ce masa rangwamen da aka yi wa marar lafiya ba na raggo ba ne, kuma mai ciwon da ba a sa ran ya rabu da shi yana iya ciyarwa a madadin kowace rana. Daga bakinmu bai karɓi wannan magana ba, daga bakin liman ya karɓa. Ya fitar da hatsi, ya kuma daina zuwa fada da rana har Salla, wai kada a ga leɓensa da danshi.

Inda ake yanzu

An sake hoton zuciya a Yamai bayan wata tara da fara sababbin magungunan. Ƙarfin turawa ya tashi zuwa kusan kashi 40. Yana kwana da matashi ɗaya, yana zuwa masallaci da ƙafa, nauyinsa ya tsaya wuri guda har an rage Lasilix zuwa rabi. Bisoprolol ya tsaya a miligiram 5, domin da aka gwada wucewa bugun zuciya ya sauko kusa da 50 kuma kasala ta dawo.

Da ya ji an ce zuciya ta yi sauƙi, abin da ya fara tambaya shi ne yaushe zai daina. Kuɗin magani duk wata ba wasa ba ne, ga awon jini, ga kuɗin mota zuwa Yamai. Likita ya ba shi labarin wani gwaji da aka yi a Ingila aka fitar a 2019, inda aka janye magani a hankali ga mutum 50 da zuciyarsu ta riga ta murmure, kusan kashi 40 cikin ɗari ciwon ya dawo musu cikin wata shida. Ya ce to, ya ji. Ɗan ne ke sayen maganin yanzu, na wata biyu a lokaci guda, don sau biyu bisoprolol ya yanke a farmasin da suka saba kuma sai da aka aiko da shi daga Yamai.

Akwai magana ɗaya da ba a warware ba. A zuwansa na baya-bayan nan ya jira ɗan ya fita, ya rage murya ya ce nononsa na hagu yana ciwo har ya ɗan tasa, kuma sha'anin iyali ya ja baya. Na farkon sananne ne ga spironolactone, kusan namiji ɗaya cikin goma ya same shi a gwajin 1999. Akwai eplerenone da ba ya yawan kawo haka, amma ya fi tsada kuma samunsa a Tawa wuya ne. Na biyun yana iya zama daga magani, yana iya zama daga ciwon kansa. Na roƙe shi kada ya taɓa maganin maza na tasha, domin ana cusa wa wasunsu sinadarin da ke kayar da tansiyo, kuma kada ya yanke ko ɗaya cikin ƙwayoyinsa kafin likita ya ji. Ya yarda in rubuta maganar a takarda in rufe, shi zai miƙa da hannunsa a Yamai. An sa masa ranar komawa bayan ya gama sallamar motocin Abijan, da awon potasiyom da na ƙoda mako guda kafin tafiyar.